Idan VFD Ta Tsayar da Moto: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gano Matsalar Lantarki

Waɗannan su ne tambayoyin da masu aikin wuta a masana'antu suka fi yi game da na'urar da ke sarrafa gudun moto, wadda aka fi sani da VFD, wasu kuma su ce mata inbata. Lissafin da ke ciki na wuta mai fes uku ne, bolt 400, 50 Hz. Mai aiki da 480 ko 230 sai ya daidaita da nasa. Inda littafin na'urarka ya saɓa da abin da ke nan, bi littafin.

Me ke cikin akwatin nan, kuma dole ne in san shi kafin in fara bincike?

Dole ne, domin kusan kowace lambar matsala tana nuni ne ga ɗaya daga cikin sassa uku da ke jere a ciki. Na farko dayod shida ne, suna karɓar wutar AC ta L1, L2 da L3 su mayar da ita DC. Na biyu manyan kafasito ne da ke tara wannan DC ɗin su daidaita ta. Wurin ne ake kira DC bas, kuma a na'urori da yawa an fito da taminarsa biyu waje, an rubuta musu DC+ da DC−. Na uku transista shida ne irin waɗanda ake kira IGBT, suna kunnawa suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, yawanci tsakanin 2 zuwa 16 kHz, suna yanka DC ɗin gutsure-gutsure har moto ya ji kamar AC ake ba shi ta U, V da W. A kansu duka akwai allon ƙwaƙwalwa da ke auna amfiya, da bolt, da zafi, yana shirye ya tsayar da komai da zarar abu ya wuce iyaka.

Lamba ɗaya ce ya kamata ka haddace. Wutar DC bas tana kaiwa ninki 1.35 zuwa 1.41 na wutar da ke shiga. A layin bolt 400, ka sa ran ganin 540 zuwa 565. Idan ka san wannan, rabin tambayoyin da ke ƙasa ka riga ka fara amsa su.

Na kashe bireka, allon ya mutu. Zan iya sa hannu?

A'a. Mutuwar allo ba shaida ba ce. Kafasito suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an ɗauke wuta, kuma wannan wutar tana kashe mutum. Masu ƙera na'urorin galibi suna cewa a jira minti 5, manyan na'urori kuma har 15 ko fiye, kuma an rubuta lokacin a jikin murfin. Ka kulle birekan da kwaɗo, makullin yana aljihunka, ka rataya takarda mai sunanka. Bayan lokacin ya cika, ka gwada mitarka a wurin da ka san akwai wuta, ka auna tsakanin DC+ da DC− har ka ga ya sauka ƙasa da bolt 50, ka auna L1, L2, L3 tsakaninsu da kuma zuwa atin, sannan ka sake gwada mitar don ka tabbata ba ita ce ta mutu a hannunka ba. Mitar kuma ta zama mai lambar CAT III 1000 V ko CAT IV 600 V.

Abubuwa uku ne ke yaudarar ko da tsohon hannu. Tasha ta STO, wato tsarin kariya da ke yanke wa moto ƙarfin juyi, tana hana na'urar juya moto ne kawai, ba ta cire wuta daga cikin na'urar. Taminar riley da ta 24 V na iya samun wuta daga wani fanel dabam. Shi kuma moto mai maganaɗisu na dindindin, idan iska ko ruwa ko nauyin kaya ya juya shi, janareta ya zama, zai turo wuta baya cikin na'urar ko an kashe komai.

Ta nuna lamba a allo. Ba shi ke nan na san abin da ya lalace ba?

Nan ne aka fi yin asara. Lambar tana faɗa maka abin da na'urar ta gani ne, ba abin da ya jawo shi ba. Idan Yaskawa ta rubuta oC, ko Altivar ta Schneider ta rubuta OCF, ko ACS580 ta ABB ta ba ka 2310, ko SINAMICS ta Siemens ta ba ka F30001, duk magana ɗaya suke yi: amfiya ta wuce iyaka. Ko boris ne ya kama, ko kebul ne ya goge, ko wani ne ya taɓa saiti jiya da dare, lambar ba ta sani ba. Na'urar mai kawo rahoto ce, kuma sau da yawa laifin yana wajenta: a wutar da ke shiga, a kebul, a moto, a kayan da moton ke ja, ko a saiti.

Na taɓa ganin famfon da aka canza wa VFD har sau biyu cikin wata guda a wata masana'anta, kowace sabuwa ta yi 'yan kwanaki ta koma ba da lambar da tsohuwar ke bayarwa. Da aka gaji aka zaro kebul ɗin daga bututun da ya bi ta ƙarƙashin daɓe, sai ga wuri kamar faɗin farce inda roba ta goge a bakin lanƙwasa, jan ƙarfen ya yi kore. Duk ranar da aka wanke daɓen, ruwa ya gangara cikin bututun, sai na'urar ta tsaya. Na'urori biyun da aka cire lafiyarsu lau.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, buɗe tarihin matsaloli. Yawancin na'urori suna ajiye lambobin baya tare da gudun moto, amfiya da wutar DC bas a daidai lokacin da abin ya faru. Sannan ka tambayi mai kula da injin: a wane lokaci take tsayawa? Wajen tashi, ko wajen tsayawa, ko tana tsaka da gudu? Da rana ko da asuba? Me aka canza kwanan nan? Amsar "yaushe" ta fi lambar kanta amfani.

Laifi ne in danna RESET in gani ko za ta tashi?

Sau ɗaya, bayan ka rubuta lambar ka duba tarihin, ba laifi. Amma dannawa a kai a kai kan matsalar amfiya ko ta atin, tura IGBT kake yi cikin shot sau da sau, kuma kowane bugu yana rage masa kwana. Matsalar da ya kamata ta tsaya a kebul sai ta cinye na'urar gaba ɗaya. Haka ma kashe wutar shiga da kunna ta kowane minti: akwai rizista da ke cika kafasito a hankali a duk kunnawa, kuma yawan maimaitawa yana ƙona ta.

Amfiya ta yi yawa. Daga ina zan fara?

Daga lokacin da abin ke faruwa. Idan tana tsayawa nan take da ka ba da umarnin tashi, tun moto bai motsa ba, ka zargi shot: a kebul, a akwatin taminar moto, a kwayil, ko IGBT da ya riga ya mutu. Gwajin raba gardama shi ne ka cire wayoyin U, V, W daga na'urar, bayan ka bi matakan kashe wuta, ka mayar da ita tsarin V/f, wato sarrafawa mafi sauƙi inda bolt ke bin Hz, idan ya zama dole, ka tashe ta ba moto. Idan ta tsaya da lambar nan duk da haka, matsalar tana cikinta, ko IGBT ko abin auna amfiya. Idan ta tashi lafiya, fita waje ka nema.

Idan wajen ƙara gudu take tsayawa, mai yiwuwa lokacin tashi da aka saita ya yi gajere ga nauyin kayan. Babbar fanka ko injin niƙa ba a tashe su cikin daƙiƙa 3. Ka duba ko birkin moto yana sakewa a kan lokaci, ka kuma juya shaf da hannu ka ji ko wani abu ya kama. Fankar da iska ke juyawa tun kafin a tashe ta, musamman ta baya, tana buƙatar a kunna saitin da ke sa na'urar ta fara gano gudun moto kafin ta kama shi.

Idan kuwa tana tsaka da gudu ne, ka nemi kaya da ke cushewa lokaci-lokaci, ko tamina da ta saki, ko kontakta da aka sa tsakanin na'urar da moto yana buɗewa yana rufewa alhali ana aiki.

Kada ka raina saiti. Ka ɗauki abin da ke rubuce a farantin moto, bolt, amfiya, Hz, gudu da kilowat, ka gwada da abin da aka shigar, lamba bayan lamba. Ka buɗe akwatin taminar ka ga haɗin: moto mai 230/400 a layin 400 haɗin sta yake so, mai 400/690 kuma delta. An sha mayar da moto daga wurin naɗi a haɗa shi ba daidai ba, a kwana ana zargin na'ura. Wani abin kuma, kebul mai tsawo sosai kansa kamar kafasito yake, yana jan amfiya a duk kunnawar IGBT, har ya tsayar da ƙaramar na'ura ko moto bai ɗauki kaya ba. Kowane littafi yana faɗin iyakar tsawon da aka yarda.

Tana ba da matsalar yawan bolt, amma na auna layin na ga 400 daidai. Ta yaya?

Domin ba layin take aunawa ba, DC bas take kallo, kuma a na'urorin ajin 400 tana tsayawa ne idan ya kai wajen bolt 800. Lambobin su ne ov a Yaskawa, 3210 a ACS580, F30002 a SINAMICS. Mafi yawan lokaci wutar daga moto take zuwa. Idan ka umarci moto ya rage gudu da sauri alhali kaya mai nauyi yana ci gaba da juya shi, moton ya koma janareta, yana mayar da wuta cikin kafasito, su kuma dayod ɗin shiga ba sa barin ta koma layi. Sai bolt ya yi ta hawa.

Magani mafi sauƙi shi ne a tsawaita lokacin tsayawa. Inda aikin ba zai jure haka ba, kamar injin ɗaga kaya ko bel mai gangarowa da nauyi, sai rizistar birki, wadda ke ƙone rarar wutar ta zama zafi. Idan akwai ta kuma matsalar ta dawo, ka cire ta ka auna om ɗinta ka gwada da abin da aka rubuta. Tana yankewa a ciki ba tare da alama a waje ba.

Idan na'urar tana ba da wannan lambar alhali moto a tsaye yake, to daga layi ne. Sau da yawa rukunin kafasiton gyaran wuta na masana'antar ne ke shiga ya haifar da bugu na ɗan lokaci da mitar hannu ba za ta kama ba. Riyakta, wato kwayil mai tausasa bugun wuta, ta kashi 3 cikin ɗari a gaban na'urar tana rage wannan sosai. Altivar ma ta raba su biyu: ObF na birki, OSF na layi.

Ƙarancin bolt da ɗaukewar fes fa?

Ka auna L1 da L2, L2 da L3, L3 da L1 a kan taminar na'urar kanta, moto yana ɗauke da kaya. Aunawa ba kaya yaudara ce: fis da ya tsufa ko kontakta mai ƙonannen baki zai nuna maka 400 cif, sai an ja amfiya ya zube. Ka sa mitar maƙalawa a kowane fes. Bambancin bolt kaɗan tsakanin fes yana zama babban bambancin amfiya a dayod ɗin shiga, fes ɗaya ya yi ta ɗaukar nauyin 'yan'uwansa.

Idan fes ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, na'urar na iya ci gaba da gudu da ƙaramin kaya, shi ya sa ake daɗewa ba a lura ba. Amma rawar da ke kan DC bas, wadda a ƙa'ida ƙarama ce mai 300 Hz, sai ta koma babba mai 100 Hz, kafasito su yi ta zafi. Idan layin lafiya yake, fes uku daidai, amma DC bas yana faɗuwa da an ɗora kaya, ka zargi kontakta ko riley da ke tsallake rizistar cikawa, ko dayod da ya yanke, ko kafasito da suka gaji. Inda babban moto ke tashi kai tsaye a layi ɗaya da na'urar, ko ake aiki da janareta da ya yi wa kayan kaɗan, ka duba ko lokacin tsayawar ya zo daidai da lokacin tashinsa.

Ta ce akwai wuta da ke zuba ƙasa. Zan iya sa mega, wato mitar gwada lafiyar rufin waya?

Za ka iya, amma sai ka cire kebul ɗin moto daga U, V, W tukuna. Sa mega a kan na'urar kanta hanya ce ta kashe ta da hannunka. Ka auna kebul da moto tare zuwa atin da bolt 500 DC, ko 1000 idan mai moton ya yarda. Idan sakamakon bai yi kyau ba, ka raba su a akwatin tamina ka auna kowanne shi kaɗai, don ka san wanda za ka kama.

Ƙa'idar IEEE 43 ta sa megom 5 a matsayin mafi ƙaranci ga irin waɗannan motoci masu ƙasa da bolt 1000, a zafin digiri 40. Moto mai lafiya yakan ba da ɗaruruwa. Ka rubuta zafin moton a lokacin awon, domin sakamakon yana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10, don haka awon moto mai zafi da na mai sanyi ba a gwada su kai tsaye. Bayan ka gama, ka sauke cajin da ya rage a kwayil zuwa atin kafin ka taɓa.

Mega ba ta ganin shot tsakanin zagayen waya a cikin kwayil guda. Don wannan sai ka auna om na kwayil uku da mita mai iya karanta ƙananan lambobi, su zo kusan daidai da juna. Danshi ma yana da hali: moto ya kwana a sanyi, da safe ya ba da matsala, da rana ya yi aiki kamar ba shi ba. Irin wannan hita yake so a ciki, ba sabuwar na'ura ba.

Idan kuma abin da ke faɗuwa birekan kariya daga zubar wuta ne da ke gaban na'urar, ka sani VFD a ɗabi'arta tana zubar da 'yar wuta ta matatar hayaniyar lantarki da ke cikinta da ta kebul. Nau'in B ne ya dace da na'ura mai fes uku.

Ta yaya zan gane ko ita na'urar ce ta ƙone, ba tare da na kunna ta ba?

Da gwajin dayod na mitar hannu. Wuta a kashe, DC bas a sauke, wayoyin shiga da na moto a cire. Ka ɗora baƙar waya a DC+, ka taɓa L1, L2, L3 da ja ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya ba ka tsakanin 0.3 da 0.7, kuma su yi kama da juna. Ka ɗora ja a DC−, ka taɓa su da baƙa, ka sake ganin haka. Idan ka juya wayoyin, lambar za ta yi ta hawa yayin da kafasito ke ɗaukar caji, har mitar ta nuna a buɗe yake. Sai ka maimaita duka a U, V, W.

Sifili ko kusa da shi ta kowane ɓangare, shot ne. A buɗe ta kowane ɓangare, ya yanke. Abin da ka fi nema shi ne ɗaya da ya bambanta da 'yan'uwansa. Sai dai wannan gwaji dayod ɗin da ke manne da IGBT yake gani, ba ya tabbatar da cewa transistan yana kunnawa yadda ya kamata. Faɗuwa a gwajin hujja ce, cin gwajin kuwa bai wanke na'urar gaba ɗaya ba. Ka haɗa da ido da hanci: kafasito da ya kumbura ko ya zubar da ruwa, baƙin tabo a allo, ƙaurin ƙonewa. Idan fis ɗin shiga ya ƙone, kada ka sa sabo sai ka yi wannan gwajin.

Mitata tana nuna bolt dabam da abin da allon ke nunawa a wajen fita. Wa zan yarda da shi?

Allon, galibi. Abin da ke fita ba AC mai santsi ba ce, gutsattsarin DC ne, kuma mita ta yau da kullum tana ruɗewa. Sai mita mai matatar da ke tace manyan Hz za ta ba ka lamba mai ma'ana. Ko da mitarka ba ta da ita, tana da amfani wajen gwada fes uku da juna: U da V, V da W, W da U su zo daidai. Awon amfiya da mitar maƙalawa ya fi aminci, domin kwayil ɗin moto yana daidaita ta.

Zafi: na na'ura da na moto, abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma lambobinsu dabam. Yaskawa tana cewa oH idan ƙarfen sanyaya na'urar ya yi zafi, oL1 idan lissafinta ya nuna moto ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, oL2 idan ita kanta aka ɗora wa.

Zafin na'ura kusan kullum maganar iska ce. Fankarta ta mutu ko ta rage gudu, ƙura ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, matatar ƙofar fanel ta zama kamar bargo, ko an cusa na'urori kusa da juna ba tazara. Yawancinsu an yi su ne su ba da cikakken ƙarfi har zafin digiri 40 da tsayin mita 1000 daga teku, abin da ya wuce haka sai an rage musu kaya. Zafin cikin fanel ake nufi, ba na ɗakin ba. Ɗaga kHz don a rage kukan moto shi ma yana ƙara wa IGBT zafi. Ko ba ta tsaya ba, zafi yana cin ta a hankali: ƙarin digiri 10 yana rage kwanan kafasito da kusan rabi.

Zafin moto kuma yana da wani tarko na musamman. Fankar moto a kan shaf ɗinsa take. Moto mai fol 4 da ke yin wajen 1450 a 50 Hz, idan ka mayar da shi 15 Hz, fankar ta koma kaɗa iska kaɗan, alhali bel ko injin matsa yana neman ƙarfin juyi iri ɗaya. Amfiya ba ta wuce ta faranti ba, amma kwayil yana dahuwa. Maganinsa fanka mai wutarta dabam, ko a canza giya don moton ya yi gudu sosai. Idan akwai abin auna zafi a cikin kwayil, ka auna shi kafin ka yarda da shi: PT100 yana ba da om 100 a digiri sifili, wajen 138 a digiri 100. Wayarsa da ta yanke tana kama da moto mai ƙonewa a idon na'ura.

Ba lamba, ba ƙara, amma moto ya ƙi tashi.

To na'urar ba ta ga laifi ba, wani abu take jira. Ka duba ko tana kan umarnin allo ne ko na nesa, domin wani na iya mayar da ita allo lokacin gyara ya manta. Ka buɗe shafin da ke nuna halin taminar shiga ka ga ko umarnin tashi yana isowa. Ka duba STO, da 24 V, da maɓallin tsayawar gaggawa. Sannan ka ga gudun da ake nema: idan siginar 4 zuwa 20 mA ce kuma kana karanta sifili, waya ta yanke, domin ko ana neman tsayawa cik 4 ya kamata ka gani. Ƙaramin makunnin da ke zaɓar tsakanin bolt da mA shi ma yana ɓata wa mutane yini.

Matsalar tana zuwa tana tafiya, ba ta da lokaci. Me zan yi?

Wannan ita ce mai cin rai, kuma haƙuri take so fiye da kayan aiki. Ka fara da tamina. Zafi da sanyi da girgiza suna sassauta sukuru, kuma wurin da ya saki yakan canza launi, robar wayar ta yi tauri ko ta yi ruwan ƙasa. Kyamarar zafi tana nuna shi cikin daƙiƙa idan ana aiki. Ka ɗaure da ma'aunin da littafin ya faɗa, domin wuce gona da iri ma yana lalata tamina.

Sai hayaniyar lantarki. Kebul ɗin moto yana watsa ta, wayoyin sigina suna kwasa. Alamarta gudu yana rawa, ko sadarwa tana yankewa, ko inkoda, mai ƙirga juyin shaf, yana ƙirga abin da babu, kuma abin yana ƙaruwa da moto ya tashi. Ka raba hanyar kebul ɗin wuta da ta sigina, inda dole su haɗu su gicciye juna. Ragar kebul ɗin moto a kama ta da maƙali zagaye ɗaya a ƙarshen biyu, ba a murɗe ta kamar wutsiya a sa a sukuru ba. A layin sadarwa irin RS-485 na Modbus, rizistar om 120 a ƙarshen farko da na ƙarshe kawai ake sa ta.

Abin da ya fi taimako shi ne takarda a manne a ƙofar fanel: rana, lokaci, lamba, abin da injin ke yi, da abin da ke aiki a kusa. Bayan mako biyu takardar takan nuna abin da mita ta kasa, kamar a ce kullum sai kwamfresa ta tashi, ko kullum bayan an yi wanki.

Tun da aka sa VFD boris ɗin moto ke mutuwa da wuri, kwayil ma ya ƙone sau biyu. Akwai alaƙa?

Akwai. Saurin kunnawar IGBT yana tara 'yar wuta a kan shaf, ita kuma ta nemi hanyar ƙasa ta cikin boris, tana tartsatsi ta huda giris. Idan ka fasa boris ɗin ka ga layuka a jere a hanyar ƙwallayen kamar an yi su da tsefe, giris ɗin ya yi baƙi, to ita ce. Ana maganinta da zoben da ke sauke wutar shaf, da boris mai rufi a ɓangaren fanka, da kebul mai raga da atin mai kyau.

Kwayil kuma, a kebul mai tsawo bugun wutar yana isa moto ya dawo ya haɗu da na bayansa, har bolt a taminar moto ya kusan ninka na DC bas, wato sama da 1000 a layin 400. Zagayen farko na kwayil ne ke shan wannan duka, kuma tsofaffin motoci da waɗanda aka sake naɗawa da waya ta yau da kullum su suka fi faɗuwa. Riyakta ko matata a wajen fita tana tausasa bugun. Kafasiton gyaran wuta kuwa ba a taɓa barinsa tsakanin VFD da moto. Idan tsohon haɗi ya bar shi a wurin, a cire.

Muna da sabuwa a sito tun shekaru uku. In ɗauko in ɗaura kawai?

Kada ka ba ta cikakkiyar wuta kai tsaye. Kafasiton da ya daɗe ba caji, siririn rufin da ke cikinsa yana raunana, kuma bugun farko na iya fasa shi. Masu ƙerawa suna ba da hanyar farfaɗo da su ga na'urar da ta wuce shekara ɗaya ko biyu a ajiye: a ɗaga wutar a hankali, a bar ta wani lokaci ba moto. Matakan suna cikin littafin.

Kafin ka ɗaura ta, ka amsa tambayar me ya kashe ta farkon. Ka yi wa kebul da moto mega, ka auna fes uku na shiga, ka auna rizistar birki, ka duba iskar fanel. Idan allon tsohuwar yana tashi, ka kwafe saitinta, da yawa suna barin a ɗauke shi a allon hannu ko a kwamfuta. Ka tabbata wutar layi ta shiga L1, L2, L3, domin haɗa ta a U, V, W yana kashe na'ura nan take. Idan layin masana'antar irin wanda ba a haɗa tsakiyarsa da ƙasa ba ne, akwai sukurun matata da littafin zai ce a cire. Sai ka tashe ta ba moto, sannan da moto ba kaya ka ga inda yake juyawa, sannan da kaya, kana kallon amfiyar fes uku da DC bas. Lambobin da ka gani a ranar ka rubuta su a cikin ƙofar fanel tare da kwanan wata.